Yadda Ake Sake Jera Waƙoƙin Kundin Indi Rok, Tare da Misali Daga Terror Twilight

Lokacin da ƙungiyar mawaƙa ta Pavement, wadda ta samo asali daga garin Stockton na jihar Kaliforniya a Amurka, ta kammala ɗaukar kundinta na biyar mai suna Terror Twilight, wanda ya fito a shekarar 1999, an samu saɓani a kan abin da mutane da yawa za su ɗauka ƙaramin al'amari ne, wato wace waƙa za ta zo a farko, wace ce kuma za ta biyo bayanta. Furodusan kundin, Nigel Godrich ɗan ƙasar Ingila, wanda ya yi suna saboda aikinsa da ƙungiyar mawaƙa ta Radiohead, ya tsara jerin da ya buɗe da waƙoƙi masu nauyi da duhu, ya ajiye masu daɗin kunne sai can baya. Scott Kannberg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, bai amince da haka ba, kuma jerin da ya fi so shi ne ya shiga kasuwa. Sai a shekarar 2022, da kamfanin Matador ya sake fitar da kundin, aka buga faifan garmahonsa bisa tsarin da Godrich ya so tun farko. Duk wanda ya zauna ya saurari biyun zai ji cewa waƙoƙin ba su canja ba, amma abin da suka bar masa a zuciya ya canja matuƙa.

Wannan aiki da furodusa da mawaƙi suka yi ja-in-ja a kansa shi ne masoya kiɗan indi rok suke yi a yau daga ɗakunansu. Indi rok kiɗa ne na jita da ganga wanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Matador da Merge a Amurka, ko Rough Trade da 4AD a Ingila, suka raine shi tun daga shekarun 1980, kuma masu sauraronsa sun saba ɗaukar kundi a matsayin abu guda da ake ji daga farko zuwa ƙarshe. Tun da manhajojin sauraron kiɗa suka ba kowa damar ja da waƙa sama ko ƙasa da ɗan yatsa, sake jera kundi ya zama abu mai sauƙin yi. Yin sa da kyau kuwa yana buƙatar haƙuri da kunne, kuma ga yadda ake bi.

Ba kowane kundi ne ke karɓar gyara ba

Kafin komai, ka tabbata kundin da ka zaɓa zai jure a taɓa shi. Akwai kundayen da aka ɗinka waƙoƙinsu da juna, ta yadda sautin ƙarshen wata waƙa shi ne mafarin ta gaba. Kundin In the Aeroplane Over the Sea na ƙungiyar Neutral Milk Hotel, wanda Merge ya fitar a 1998, yana cikin wannan rukuni, domin waƙoƙinsa da dama suna zubowa cikin juna ba tare da shiru a tsakani ba, kuma idan ka raba su za ka ji kiɗa ya yanke kamar an fizge waya daga soket. Irin wannan a bar shi yadda yake. Kundin da ya fi dacewa da gwaji shi ne wanda kowace waƙa take da mafari da ƙarshe nata na kanta, kuma yanayin waƙoƙin ya bambanta sosai har mutum ya iya tunanin hanyoyi biyu ko uku na shirya su. Terror Twilight ya cika wannan sharaɗi da waƙoƙinsa 11, haka ma Wowee Zowee na Pavement ɗin, wanda ya fito a 1995 da waƙoƙi 18 da suka cika fuska uku na faifai aka bar ta huɗu babu komai. Sai dai ga mai fara koyo, waƙoƙi 18 sun yi yawa, gara ya fara da kundin da bai wuce goma ko sha biyu ba.

Biro da takarda kafin waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya buɗe manhaja nan take ya fara kai waƙoƙin da ya fi so sama, waɗanda ba su burge shi ba kuma ya tura su ƙasa. Abin da zai samu a ƙarshe shi ne jerin da ya fara da zafi ya mutu kafin a kai rabi. Mataki na farko shi ne ka saurari kundin a tsarinsa na asali sau uku ko huɗu, a ranaku daban-daban, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, har da wadda ka saba tsallakewa. Dalilin haka shi ne sai ka fahimci abin da masu kundin suka yi niyya kafin ka sami hujjar saɓa musu, kuma sau da yawa waƙar da kake gani ba ta da amfani ita ce ke ba kunne hutu kafin wata babba ta iso.

Bayan haka ka yanka takarda ƙanana, ɗaya ga kowace waƙa. A kan kowace ka rubuta tsawonta, ko tana da sauri ko tana tafiya a hankali, ko tana da ƙara ko taushi, da kayan kiɗan da suka fi fitowa a cikinta. Abu mafi muhimmanci da za ka rubuta shi ne yadda daƙiƙa goma na farkonta suke, da yadda daƙiƙa goma na ƙarshenta suke. Shin ta fara da bugun ganga ne kai tsaye, ko da jita ita kaɗai, ko da murya? Shin ta tsaya cak ne, ko sautinta ya yi ta raguwa har ya ɓace? Waɗannan gefuna su ne za su haɗu da juna idan ka jera, saboda haka su ne ainihin kayan aikinka. Amfanin takarda a kan waya shi ne za ka shimfiɗa su duka a kan tebur ka ga kundin gaba ɗaya a lokaci guda, ka matsar da wannan ka dawo da wancan, alhali allon waya yana nuna maka jeri ɗaya ne kawai a tsaye.

Ka yi tunani da fuska biyu

Kusan dukkan kundayen da ake kira na gargajiya a wannan fanni an tsara su ne da faifan garmaho a zuciya, kuma faifan yana da dokokinsa. Kowace fuska tana ɗaukar abin da ya kai minti 20 zuwa 22 idan ana son sauti ya fita da kyau. Sannan yayin da allura take matsowa tsakiyar faifai, zagayen yana ƙanƙancewa, ingancin sauti yana raguwa, musamman ga waƙa mai ƙara da kaifin sauti. Wannan ne ya sa aka saba sanya waƙoƙi masu ƙarfi a farkon fuska, masu taushi kuma a ƙarshenta. Abin da ya fara a matsayin larura ta na'ura ya zama ɗabi'ar kunne, har mai sauraro ya saba da jin kundi yana tashi, ya sauka, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sake tashi. Wanda ya girma da kaset, yana jiran ta ƙare ya ciro ta ya juya, ya san wannan shirun na tsakiya ko da bai taɓa riƙe faifai ba.

Ko da a waya za ka saurari jerinka, ka raba takardunka gida biyu masu kusan tsawo ɗaya. Yin haka zai ba ka gurabe huɗu masu daraja maimakon biyu, wato mabuɗin fuska ta farko da marufinta, da mabuɗin fuska ta biyu da marufinta. Idan ka cike waɗannan huɗun da kyau, rabin aikin ya ƙare, domin sauran waƙoƙin za su nuna maka inda suka dace da kansu. Mabuɗin fuska ta biyu shi ne gurbin da masu koyo suka fi mantawa da shi, alhali nan ne wurin da hankalin mai sauraro yake fara yawo, kuma nan ne ake buƙatar waƙar da za ta dawo da shi. Mawaƙan ƙungiyar The Smiths ta Ingila sun san haka da suka buɗe fuska ta biyu ta The Queen Is Dead, kundinsu na 1986, da "Bigmouth Strikes Again" mai saurin jita.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne labarin Terror Twilight ya fi koyarwa. Jerin da ya fito a 1999 ya buɗe da "Spit on a Stranger", waƙa mai laushi da daɗin amshi da ba ta fi minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba, ya bi ta da "Folk Jam" mai sauƙin rai, ya kuma rufe da "Carrot Rope" mai wasa da barkwanci. Mai sauraro yana shiga da murmushi ya fita da murmushi, duhun kundin kuma, irin su "The Hexx", an ɓoye shi kusa da ƙarshe a matsayi na goma. Jerin Godrich ya juya wannan gaba ɗaya. Ya buɗe da "Platform Blues", mai hayaniyar jita da busar harmonika ta Jonny Greenwood na Radiohead, ya ɗora "The Hexx" a kanta nan take, sannan ya kai "Spit on a Stranger" can ƙarshen ƙarshe. A wannan tsari, waƙar da take gaisuwa a wancan jeri ta koma sallama, kuma da yake mun san cewa wannan ne kundin ƙarshe na ƙungiyar, wadda ta watse bayan wasanta na Landan a ƙarshen 1999, sallamar tana da nauyin da ba ta da shi a da.

Darasin shi ne waƙar farko alkawari ce. Tana gaya wa mai sauraro irin tafiyar da za a yi, kuma duk abin da ya biyo baya da ita za a auna shi. Kafin ka zaɓi mabuɗi, ka rubuta jimla ɗaya tak da ke bayyana abin da kake so jerinka ya faɗa, misali cewa wannan kundi ne na ƙungiyar da ta gaji da juna, ko kuma na ƙungiyar da ta ƙware har ta daina tsoron waƙa mai daɗi. Duka biyun gaskiya ne game da Terror Twilight, kuma Godrich da Kannberg kowannensu ɗaya ya zaɓa. Idan ba ka iya rubuta wannan jimla ba, to ba ka shirya jera komai ba tukuna, ka koma ka ƙara saurare.

A ganina Godrich ya fi ƙarfin hali, amma ya wuce gona da iri da ya tara nauyi biyu a bakin ƙofa, domin minti goma na farko suna iya korar wanda bai san ƙungiyar ba. Kannberg kuwa ya yi wa baƙo adalci, sai dai ya sa kundin ya yi kama da abin da ya fi shi sauƙi. Da ni ne, da "Cream of Gold" zan buɗe, saboda tana da ƙarfi ba tare da ta toshe hanya ba, in bi ta da "You Are a Light", sai "Billie", sai "Folk Jam", sai "Platform Blues", in rufe fuska ta farko da "Major Leagues" mai taushi, wadda ta dace da inda allura ta kusa tsakiya. Na raba "Billie" da "Platform Blues" da gangan, tun da dukansu biyu suna da harmonika, kuma ba na so launi ɗaya ya zo sau biyu a jere. Fuska ta biyu zan buɗe ta da "The Hexx", inda za ta sami filin da ta cancanta bayan shirun tsakiya, sai "Speak, See, Remember", sai "Ann Don't Cry", sai "Carrot Rope" ta sassauta zuciya, in bar "Spit on a Stranger" a ƙarshe kamar yadda Godrich ya yi. Wannan ya ba da kimanin minti 23 a fuska ɗaya da 21 a ɗayar, wanda ya ɗan matse amma bai fita daga hankali ba.

Game da ƙofar fita, akwai tsohuwar muhawara a tsakanin masoya The Smiths da ta cancanci a yi nazarinta. A The Queen Is Dead, waƙa ta tara ita ce "There Is a Light That Never Goes Out", wadda mutane da yawa suke ɗauka ita ce ƙololuwar kundin, amma ba a rufe da ita ba, sai aka biyo ta da "Some Girls Are Bigger Than Others" mai zolaya. Masu sake jeri da yawa suna musanya su don kundin ya ƙare da hawaye. Ka gwada duka biyun da kunnenka kafin ka yanke hukunci, domin za ka iya tarar da cewa rufewa da babbar waƙa yana sa kundi ya yi kama da wasan kwaikwayon da ya san za a tafa masa, alhali ƙaramar waƙa a bayanta tana barin mai sauraro ya sauko a hankali. Babu wata doka da ta ce sai mafi girma ce za ta zo ƙarshe.

Mahaɗar waƙoƙi

Idan ka gama da gurabe huɗun nan, sai ka koma kan mahaɗa, wato inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka kunna daƙiƙa 20 na ƙarshen waƙa ka bar ta ta shiga ta gaba, ka saurari daƙiƙa 20 na farkonta, sannan ka tsaya. Kunnenka zai gaya maka gaskiya nan da nan. Waƙar da sautinta ya yi ta raguwa har ya ɓace tana son wadda za ta fara da bugu mai ƙarfi, wadda kuma ta tsaya cak tana iya karɓar wadda za ta shigo a hankali. Ka guji jera waƙoƙi uku masu tafiyar hawainiya a wuri ɗaya, haka nan uku masu gudu, sai dai idan kana da dalilin da za ka iya karewa. Ka kuma lura da matakin sautin da kowace waƙa ta zauna a kai, ko da ba ka karanci kiɗa ba, domin idan biyu a jere suka zauna a mataki ɗaya da sauri ɗaya, ta biyun za ta narke cikin ta farko har a manta da ita.

Saitin manhaja ma yana da tasiri a nan. Ka kashe maɓallin da ke gauraya waƙoƙi, in ba haka ba duk wahalarka ta tashi a banza. Spotify da kansa ya daina sa gaurayawa ta zama abin da babban maɓallin kunna kundi yake yi a watan Nuwamba na 2021, bayan da mawaƙiya Adele ta nemi a mutunta jerin da mawaƙa suka tsara. Ka kuma kashe saitin da ke cuɗa ƙarshen waƙa da farkon ta gaba, wanda a Spotify yake kaiwa har daƙiƙa 12, saboda yana cinye gefunan da ka ɓata lokaci kana nazari. Wanda yake da waƙoƙin a kwamfuta, bayan ya saye su ta halastacciyar hanya, yana iya amfani da Audacity, manhaja ce ta kyauta, ya daidaita tsawon shirun da ke tsakanin waƙoƙi, har ya sa shiru na rabin minti a tsakiyar jerin a madadin juya faifai.

Cirewa da ƙarawa

Tambayar da takan raba kan masoya ita ce ko an yarda a cire waƙa, ko a shigo da wata daga waje. Mawaƙan da kansu sun buɗe wannan ƙofa. A 2008, Thom Yorke, mawaƙin Radiohead, ya wallafa wani gajeren jeri na Hail to the Thief, kundin Radiohead na 2003, inda ya rage waƙoƙinsa daga 14 zuwa 10, kuma jerin Godrich na Terror Twilight ya ƙunshi wani ɗan guntun kiɗa mai suna "Shagbag" wanda babu shi a fitowar 1999. Duk da haka, shawarata ga mai farawa ita ce ya yi jerinsa na farko da dukkan waƙoƙin, ba ragi ba ƙari. Cire waƙa hanya ce mai sauƙi ta guje wa matsala, alhali nema wa waƙar da ba ka so gurbin da za ta yi kyau shi ne yake koya maka aikin. Idan daga baya ka ga lallai sai ka cire, kada ka wuce biyu, kuma abin da za ka shigo da shi ya kasance an ɗauke shi a lokaci ɗaya da kundin, misali waƙoƙin da aka saka a bayan ƙananan faifan da suka raka shi. Waƙar da aka ɗauka shekara uku bayan haka, a wani situdiyo da wani furodusa, za ta fito fili kamar facin sabon yadi a tsohuwar riga.

Da zarar ka gamsu, ka ajiye jerin ka bar shi kwana biyu ko uku ba ka taɓa shi ba, sannan ka saurare shi a zama ɗaya, ba tare da kallon allo ba. Duk inda ka ji hannunka yana neman waya don ya tsallake, ka yi alama, domin a nan matsala take, kuma sau da yawa laifin na waƙar da ta gabata ne, wadda ta gajiyar da kunne kafin wannan ta iso. Ka saurare shi sau ɗaya da abin sawa a kunne, sau ɗaya kuma a sifika kana wani aiki, tun da mahaɗar da ta yi daɗi a kusa tana iya ɓacewa a ɗaki. Bayan haka ka ba wa mutum biyu, ɗaya wanda ya haddace kundin, ɗaya kuma wanda bai taɓa jin sa ba. Na farkon zai yi ta ƙorafi saboda kunnensa ya riga ya san abin da ke biyo bayan kowace waƙa, don haka ka saurari dalilansa ka bar fushinsa. Na biyun ka tambaye shi abu biyu kawai, wato a wace waƙa hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma wace ce ya ci gaba da rerawa washegari.

Idan za ka raba jerinka da sauran masoya, ka sa masa suna da zai nuna cewa naka ne, ka ambaci sunan kundin asali da shekararsa, ka nuna inda fuska ta farko ta ƙare, sannan ka haɗa da jimlar nan ɗaya da ka rubuta tun farko da 'yan layuka kan dalilin zaɓen mabuɗi da marufi. Jerin sunayen waƙoƙi kawai ba ya ba kowa abin tattaunawa, amma idan ka ce ka kai "The Hexx" farkon fuska ta biyu ne don ta sami shiru a gabanta, wani zai iya amsa maka cewa a matsayi na biyu ta fi tsoratarwa, kamar yadda Godrich ya ajiye ta, ku kunna biyun ku gwada.